Gobarar Baltimore ta 1904: Gudummawa ta Iso, Bakin Tiyo Ya Ƙi Shiga Famfo

Da hantsin ranar Lahadi, 7 ga Fabrairu 1904, da ƙarfe 10:48, ƙararrawar gobara ta kaɗa daga ginin kamfanin John E. Hurst da ke tsakiyar birnin Baltimore a jihar Maryland ta Amurka. Kamfanin dillalin yadi ne da kayan sawa, kuma benen nasa maƙare yake da haja tun daga ƙarƙashin ƙasa har hawa na ƙarshe. Abin da aka fi zato shi ne guntun taba ne ya faɗa ta wani fasasshen gilashi na daɓen gefen titi, ya sauka cikin kayan da ke ɗakin ƙasa, ya yi ta cin su a hankali ba mai gani. 'Yan kwana-kwanan da suka fara isowa sun ɓalle ƙofa sun shiga, suka tarar da hayaƙi ya bi ramin lif ya cika saman bene. Ba a jima ba hayaƙin ya kama da wuta gaba ɗaya, ginin ya yi bindiga, rufi ya tashi, tagogi suka tarwatse, garwashi ya watsu kan maƙwabta. Daga nan wutar ba ta tsaya ba sai da yammacin Litinin, bayan kimanin awa 30. Ta cinye gine-gine sama da 1,500 a fili mai faɗin kusan eka 140, asarar ta haura dala miliyan 100 a kuɗin wancan zamani, kuma mutum wajen 35,000 suka wayi gari ba wurin aiki.

Duk wanda ya taɓa jin labarin gobarar nan, abu ɗaya ya fi riƙewa: garuruwan maƙwabta sun aiko da injina da mazaje, amma bakin tiyonsu bai dace da famfunan gobara na titunan Baltimore ba. Gaskiya ne hakan ya faru. Sai dai in aka tsaya a nan kaɗai, an yi wa tarihin gajeriyar riga. Bakin tiyo bai kunna wutar ba, kuma da wuya a ce da ya dace da an kashe ta tun da rana. Abin da ya tona shi ne yadda aka gina aikin kashe gobara a Amurka tun farko, kowane gari da nasa tsarin, kafin nan ma kowace unguwa da nata, ba wanda ya ɗauka wata rana zai buƙaci maƙwabcinsa.

A ƙarni na 18 kayan kashe gobara a garuruwan Amurka bokitin fata ne. Gari kan wajabta wa masu gida su ajiye nasu, in aka yi kururuwa jama'a su yi layi biyu daga rijiya ko kogi, layi ɗaya na miƙa cikakke, ɗayan na mayar da fanko. Daga baya aka kafa ƙungiyoyin sa-kai. Benjamin Franklin na cikin waɗanda suka kafa ta Philadelphia a 1736, Baltimore kuwa ta samu ta farko, wadda ake kira Mechanical Company, a 1763. Injinsu famfon hannu ne a kan ƙafafun keke, da dogayen sanduna hagu da dama. Mazaje su jeru suna dannawa suna ɗagawa, cikin 'yan mintoci hannu ya mutu, a sauya wasu. Aiki ne mai cin mutane da yawa, shi ya sa ƙungiyar kashe gobara ta zama majalisar samarin unguwa, da tutarta, da sunanta, da injinta da aka yi wa fenti da zane kamar amarya. A Philadelphia ne a 1807 aka fito da tiyon fata da ake ɗinke shi da ƙusoshin ƙarfe maimakon zare, wanda ya iya jure ƙarfin ruwa, kuma tun daga lokacin kowace ƙungiya ta riƙa yin odar bakin tiyonta wajen maƙerin da ta ga dama.

Inda aka tara samari da tuta, ba a rasa gasa, kuma a Baltimore gasar ta wuce gona da iri. Ƙungiyoyi kan yi tsere zuwa wurin gobara, su yi dambe kan wa zai fara kama famfo, wani lokaci gida na ci su kuma suna jifar juna da bulo. 'Yan siyasa suka gane amfanin waɗannan majiya ƙarfi ranar zaɓe. A shekarun 1850, lokacin da jam'iyyar masu ƙyamar baƙi ta Know-Nothing ke riƙe da garin, 'yan dabar da ake kira Plug Uglies suna da alaƙa da wata ƙungiyar kashe gobara ta Mount Vernon, ita kuma ƙungiyar New Market tana ɓangaren Dimokurat, har aka yi musayar wuta da bindiga kusa da kasuwar Lexington a zaɓen 1856. Wasu masana tarihi na ganin an zuzuta laifin 'yan sa-kai, domin akasarinsu sun yi wa garuruwansu aiki da gaske ba ko sisi, kuma kamfanonin inshora da manyan 'yan kasuwa suna da dalilinsu na son a kore su. Ina ganin suna da hujja. Amma ko da ba dambe, injin tururi ya riga ya yanke wa tsarin hukunci.

Cincinnati ce ta fara, a 1853, da injin tururi na Alexander Latta da ma'aikata masu albashi. Injin ba ya gajiya, ba ya zaɓe, kuma mutum kaɗan ke sarrafa shi. Baltimore ta bi sahu a zamanin magajin gari Thomas Swann, ta rushe ƙungiyoyin sa-kai, hukumar kashe gobara mai albashi ta fara aiki a 1859. Aka kuma kafa akwatunan ƙararrawa a kan tituna masu aika lamba ta wayar tangarahu, dabarar da Boston ta fara amfani da ita a 1852.

Yana da kyau mutum ya kalli tashar kwana-kwana ta wancan zamani da kyau, domin ita ce ta fuskanci gobarar 1904. Injin tukunyar ƙarfe ce tsaye a kan keken doki, nauyinta tan da yawa. Ana barin ruwan cikinta da ɗumi dare da rana, an jera itace da gawayi a murhunta suna jiran ashana. Kayan ɗaurin dawaki a rataye suke daga rufi. Ƙararrawa na kaɗawa ƙofofin barga su buɗe, dawakan da aka horar su taho da kansu su tsaya a gurbinsu, a sako musu kayan a ƙulle, a fita cikin daƙiƙoƙi, wuta na kamawa a murhu tun a hanya. In an isa, injin ba ya ɗauke da ruwan kashe wuta. Sai an haɗa wani kakkauran tiyo daga famfon titi zuwa cikinsa, ya zuƙa, ya tura ta wani tiyon da ƙarfi. Ke nan duk wannan gwaninta, da dawakai da tururi da horo, ta rataya ne a kan wani zoben tagulla mai haƙora da ake murɗawa a bakin famfo. In haƙoran ba su hau juna ba, injin ya zama tulin ƙarfe mai hayaƙi.

Gari ya daidaita kayansa a cikin gida, wannan an yi. Amma daidaitawar ta tsaya a bakin iyakar gari. Baltimore na da nata awon, Washington da nata, Philadelphia da New York kowa da nasa. Masu ƙera kayan ba su da sha'awar a haɗa kai, domin garin da ya sayi famfunanka masu haƙora na daban ya zama abokin cinikinka na dindindin. Kuma a zamanin da injin doki ba ya iya yin tafiyar mil 40, wa zai damu da abin da ke bakin famfon wani gari? Jirgin ƙasa ne ya sauya lissafin. Ya sa gudummawa daga nesa ta zama abu mai yiwuwa, ba wanda ya koma ya duba ko za ta yi amfani in ta iso.

A gefe guda kuma tsakiyar Baltimore ta canza fiye da hukumar da ke tsaronta. Garin na da mutum sama da rabin miliyan, yana cikin manyan biranen Amurka. Titunan unguwar kasuwanci ƙunƙuntattu ne tun na zamanin Turawan Ingila, amma an cika gefensu da sito-sito masu hawa biyar da shida, bangon bulo, ciki kuwa katako, da ramukan lif da matakala a buɗe waɗanda ke jan wuta sama kamar bututun hayaƙi. Tagogi manya-manya suna kallon juna ba murfin ƙarfe. Sama da titi wayoyin lantarki da na tarho da na taragon lantarki sun yi saƙa. Ɗaya daga cikin waɗannan wayoyi ce ta faɗo wa shugaban hukumar, George Horton, tun a farkon aikin, lantarki ya ja shi aka ɗauke shi, ragamar ta koma hannun August Emrich. Wato tun ba a yi nisa ba an rasa mutumin da ya fi kowa sanin yadda za a raba injina.

Sai iska. Da farko daga kudu maso yamma take kaɗawa da ƙarfi, tana tura wutar arewa maso gabas wajen kotu da ofishin magajin gari, tana ɗaukar garwashi ta tsallake layuka ta sauke a kan rufin da ba kowa. A nan ne gobarar gini ke rikiɗa ta zama gobarar gari. Zafin kaɗai kan fasa gilashin ginin da ke tsallaken titi ya kunna abin da ke ciki ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba, ruwan da ake fesawa kuma ya zama tururi kafin ya kai. A irin wannan hali, ƙarin injina goma ko ashirin ba sa kashe wuta, iyakarsu su tsare gefenta.

'Yan Washington ne suka fara isowa da rana, a jirgin ƙasa na musamman da ya yi tafiyar cikin ƙasa da awa guda. Jama'a suka tarbe su da shewa. Da aka zo haɗa tiyo sai haƙora suka ƙi hawa. Suka naɗe mahaɗin da tamfol suka ɗaure, ruwa na tsiyaya ta ko'ina, abin da ke fita ta bakin tiyo ba shi da ƙarfin kai wa hawa na sama. Daga baya injina suka yi ta zuwa daga Philadelphia, Wilmington, York, Harrisburg, Atlantic City, har da New York wadda tata tawagar ta iso ranar Litinin. Jimillar 'yan kwana-kwanan da suka yi aikin ta kai 1,231. Wasu kayan sun dace, da yawa ba su dace ba. Ruwa kuwa bai yanke ba, garin ma a bakin teku yake. Ga ruwa, ga inji, ga mazaje, abin haɗa su ne babu.

Da yamma hukumomi suka koma ga nakiya, da nufin rushe gine-gine a gaban wutar don ta rasa abin ci. Dabarar tsohuwa ce, an yi ta a Landan a 1666 da garin bindiga, amma a Baltimore ba ta yi ba. Gine-ginen sun ƙi faɗuwa yadda ake so, ƙarar ta farfasa tagogin maƙwabta ta buɗe wa wuta ƙofa, wani wurin ma ta ƙara kunna ta. Da dare wutar ta shiga dogayen benayen da ake taƙama da su cewa ba sa cin wuta, ciki har da Continental Trust mai hawa 16, mafi tsawo a garin. Ƙashin ƙarfensa ya tsaya, amma duk abin da ke ciki ya ƙone ƙurmus, domin wutar ta tagogi ta shiga, hawa-hawa. Abin mamaki, wasu gajerun gine-gine masu kaurin bango, kamar na bankin Alex. Brown, sun tsira a tsakiyar toka, wutar ta bi ta kansu ta wuce. Jaridun garin ma sun ƙone, har da ginin ƙarfe na jaridar Sun. H. L. Mencken, wanda a lokacin matashin edita ne a jaridar Herald, sai da ya kai aikin buga jaridarsa Washington, daga baya Philadelphia, ana dawo da ita a jirgin ƙasa.

Cikin dare iska ta juya, ta koma kaɗawa daga yamma da arewa maso yamma. Wannan juyin ne ya ceci kotu da gidan waya da ofishin magajin gari, shi ne kuma ya tura wutar kudu maso gabas zuwa tashar jiragen ruwa, inda ta cinye sito-sito da gadojin sauke kaya. Jirgin ruwan kashe gobara na garin, Cataract, ya yi abin da zai iya daga cikin ruwa. Gabas da nan akwai rafin Jones Falls, a tsallakensa kuma akwai tulin katako na 'yan timba da unguwannin talakawa masu cunkoso, ciki har da unguwar 'yan Italiya. Da wutar ta haye, da labarin ya zama na gawawwaki. Mutanen unguwar sun taru a cocin St. Leo suna addu'a, kuma har yau suna yin bikin shekara-shekara na cika alkawarin da suka ɗauka a ranar.

A bakin rafin nan aka jera injina 37 ranar Litinin, cikin sanyi mai daskarar da ruwa, suka yi katangar ruwa har wutar ta tsaya wajen ƙarfe 5 na yamma. Abin lura a nan, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne a bakin rafi inji ba ya buƙatar famfo. Jefa tiyon zuƙa kawai za a yi cikin ruwa. Injinan baƙi sun fi yin amfani a daidai wurin da matsalar haƙora ta kau. Wannan ya nuna rashin dacewar ya yi ɓarna ta gaske, ya kuma nuna cewa ba a tsayar da wutar ba sai da aka samu faɗin rafi tsakaninta da abin ci na gaba.

A hukumance an ce wutar ba ta kashe kowa kai tsaye ba, kuma kasancewar ranar Lahadi ce, ofisoshi da sito a rufe, ya taimaka ƙwarai. In aka tuna Chicago ta rasa mutum wajen 300 a 1871, wannan ba ƙaramin sa'a ba ne. Sai dai bayan kwanaki an tsamo gawar wani baƙar fata da ta ƙone daga ruwan tashar, ba a san ko wane ne ba, kuma wasu daga cikin 'yan kwana-kwana da sojojin jiha da suka kwana cikin jiƙa da sanyi sun mutu daga baya da ciwon huhu. Wanda ya fi suna cikin waɗanda suka ji rauni doki ne, Goliath, wanda ya ja kekensa ya kauce wa bangon Hurst da ke ruftowa duk da ƙunar da ya sha. Garin ya riƙe shi da daraja har mutuwarsa.

Magajin gari Robert McLane, matashi ne da bai kai shekara 40 ba, ya ƙi karɓar tallafin kuɗi daga waje, ya ce Baltimore za ta ɗauki nauyin kanta. Bai ga ƙarshen aikin ba, domin a ƙarshen watan Mayu na shekarar aka same shi a gidansa da harbin bindiga, aka ɗauka shi ya kashe kansa. Hukumar da aka kafa don yankin da ya ƙone ta faɗaɗa tituna irin su Pratt da Light da Lombard, gari ya karɓi bakin tashar ya gina sababbin gadoji, da taimakon kuɗin da ya samu daga sayar da hannun jarinsa a layin dogo na Western Maryland. Babban titin Baltimore Street kuwa masu filaye suka hana a taɓa shi, tokar ba ta gama hucewa ba kowa ya koma lissafin taku nawa zai rasa. Gobarar ce kuma ta sa garin, wanda har lokacin ba shi da magudanar ƙazanta ta zamani, ya amince a ci bashi a gina ta. A 1912 aka buɗe bututun ruwa mai matsanancin ƙarfi na musamman don gobara a tsakiyar gari.

Waɗanda suka fi saurin ɗaukar darasi su ne masu inshora, don aljihunsu ne ya ƙone. Ƙungiyarsu ta ƙasa ta tura injiniyoyi su binciki manyan birane ɗaya bayan ɗaya, ta kuma fitar da kundin ƙa'idar gini a 1905: a rufe ramukan lif, a sa gilashi mai waya da murfin ƙarfe a tagogi, a raba manyan sito da bango. Rahotonsu kan San Francisco ya yi gargaɗi mai zafi, watanni kaɗan kafin girgizar ƙasa da gobarar 1906. A ganina waɗannan gyare-gyare na gini, da matsin kuɗin inshora da ya tilasta su, su ne suka rage gobarar da ke cinye tsakiyar gari, fiye da batun bakin tiyo.

Shi batun bakin tiyon tafiyar hawainiya ya yi. Hukumar awo ta ƙasa, wadda aka kafa a 1901, ta bincika ta gano akwai nau'i kusan 600 na mahaɗin tiyo da bakin famfo a faɗin ƙasar. Ita kanta ta sha kunya a 1904, lokacin da busassun ganye suka kama wuta a harabarta aka tarar tiyon gininta biyu ba sa haɗuwa da juna. A 1905 ƙungiyar kare gobara ta ƙasa ta tsayar da awo guda: tiyo mai faɗin inci biyu da rabi, haƙora bakwai da rabi a kowane inci. Amma shawara ce, ba doka ba, kuma a Amurka kashe gobara hurumin gari ne. Zuwa 1914 garuruwa 287 kacal cikin kusan 8,000 suka bi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sauya dubban famfuna kuɗi ne da za a fitar bana daga baitulmalin gari, amfaninsa kuwa sai ranar da ba a fata, wadda mai yiwuwa ba za ta zo a zamanin wannan magajin gari ba. Babban gari kuma yakan ga cewa ƙanana ne ya kamata su bi nasa awon. Mafi yawa suka zaɓi hanya mai araha, su ajiye 'yan mahaɗai na musamman a cikin mota don ranar da za a fita waje.

A watan Oktoba 1991 wutar daji ta shiga unguwannin tudu na Oakland a California, ta kashe mutum 25, ta cinye gidaje wajen 3,000. Motocin da suka kawo gudummawa daga garuruwan kewaye sun zo da tiyo mai inci biyu da rabi, famfunan Oakland kuwa bakinsu inci uku ne, mahaɗan da ake da su ba su wadatar ba. Sai bayan nan garin ya sauya famfunansa. Da gobarar Baltimore ta cika shekara 100 a 2004, hukumar awon ta sake dubawa, ta tarar cikin birane 48 mafi yawan jama'a a Amurka, 18 ne kawai famfunansu suka cika awon 1905.